Ma'aunai Uku Da Ake Auna Aikin Ɗan Adam Da Su

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kowa Mai komai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda aka aiko domin cika kyawawan ɗabi'u, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Maudu'in wannan lacca tsohuwar tambaya ce wadda malaman Musulunci da masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kanta, wato da me ake gane cewa aiki kaza mai kyau ne, aiki kaza kuma mummuna ne? A da can ana iya ɗaukar ta a matsayin muhawarar zaure tsakanin malami da manyan almajiransa. A yau kuwa ta shigo har cikin gidajen mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba tare da sallama ba. Magidancin da aka sace wa ɗa yana tambaya ko ya sayar da gona ya kai kuɗin fansa, alhali ya san da kuɗin za a sayi makamin da za a sace ɗan wani. Mai shago a ƙauye yana tambaya ko ya sayar wa mutanen daji abinci, tun da in ya ƙi za a ƙone garin. Saurayin da aka kashe wa mahaifi yana tambaya ko ramuwa ta halatta a kan duk wanda ya yi kama da masu kisan. Bala'in bai bar babba ba bai bar yaro ba: a watan Satumba na 2021 an sace Sarkin Fulanin Bunguɗu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, a watan Satumba na 2023 kuma aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida. Wanda ke cikin irin wannan hali yana bukatar ma'auni, kuma yana bukatar ya san inda kowane ma'auni yake da tawaya.

Daga Ina Kyau Da Muni Suke Fitowa?

Malaman Tauhidi sun fara da tushen. Mu'utazilawa suka ce kyau da muni suna cikin aikin kansa, hankali yana iya riskar su tun kafin Shari'a ta zo, ita Shari'a tana tabbatarwa ne kawai. Imamu Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a shekara ta 324 Hijira, da mabiyansa suka ce a'a, wajabci da haramci ba su tabbata sai da zuwan Shari'a. Mabiya Imamul Maturidi suka tsaya a tsakani. Malaman wannan ƙasa a kan tafarkin Ash'ariyya suka taso, ta hanyar littattafan Imamus Sanusi, musamman Ummul Barahin. Sai dai ana yawan yi wa Ash'arawa gurguwar fahimta. Ba su musanta cewa hankali yana gane ilimi kamala ne, jahilci kuma tawaya ce ba, ba su kuma musanta cewa ɗabi'ar mutum tana ƙyamar zalunci ba. Abin da suka ƙi shi ne hankali ya yanke wa kansa lada da azaba. Masana Girka ma sun yi irin wannan tambaya tun zamanin Aflaɗun, abin da ke nuna cewa ƙaiƙayi ne da ke damun kowane mai tunani.

Ma'aunin Farko: Abin Da Aiki Ya Haifar

Akwai masu cewa ana auna aiki ne da sakamakonsa. A Ingila, Jeremi Bentam ya fitar da littafi a 1789 inda ya ce aiki nagari shi ne wanda ya fi jawo jin daɗi ya rage wahala ga mafi yawan mutane. Jon Situwat Mil ya gyara ra'ayin a littafinsa na 1863, ya bambanta jin daɗin hankali da na jiki. Adalci ne a faɗi alherin da ke cikin wannan magana: a lissafinta wahalar talaka da ta attajiri nauyinsu ɗaya, kuma tana tilasta wa mai mulki ya duba abin da dokarsa ta haifar a kasuwa da gona.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne ga Musulmi, balle mabiyin mazhabar Imamu Malik, wadda ta shahara da lura da maslaha da toshe kafar ɓarna. Hujjatul Islam Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijira (1111 Miladiyya), ya bayyana a cikin al-Mustasfa cewa manufar Shari'a ita ce tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Imamush Shaɗibi na Andalus ya faɗaɗa wannan a cikin al-Muwafaƙat. Amma Gazali ya ɗaure maslaha da igiya mai ƙarfi, ya kawo misalin da ya dace a riƙa tunawa. Jirgin ruwa ne ya yi nauyi zai nutse, in aka jefa mutum ɗaya cikin ruwa sauran za su tsira. Lissafin Bentam tsagwaronsa zai iya karkata ga a jefa shi. Gazali ya ce bai halatta ba, ko da ƙuri'a aka jefa, domin ran marar laifi ba ya zama kuɗin sayen rayukan wasu ƙididdigaggun mutane.

Illar ma'aunin sakamako guda biyu ce. Ta farko, ɗan Adam bai san gaibu ba, hasashe yake yi. Jihar Zamfara ta gwada hasashe iri-iri a cikin 'yan shekaru: a 2019 gwamnati ta bi hanyar sulhu da 'yan bindiga, a watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, daga 2023 kuma gwamnati ta bayyana cewa ba za ta yi sulhu ba. Kowane mataki da sunan maslaha aka ɗauke shi, kowanne kuma yana da masu goyon baya na gari da masu suka na gari. Illa ta biyu ita ce mai yin lissafin sau da yawa ba shi ke biyan farashin ba. Ranar da aka rufe kasuwar mako, wanda ya fara kwana da yunwa shi ne ɗan dako da mai tuyar ƙosai.

Tarihin wannan ƙasa ya adana darasi mai nauyi a kan haka. Bayan yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, jama'ar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah Ya ƙara masa yarda) sun sauko ƙasar Zamfara, suka zauna wasu watanni a Sabon Gari a cikin 1805. Zamfarawa sun tarbe su da farko, domin Shehu ya yi shekaru yana wa'azi a cikinsu, kuma akwai tsohuwar gaba tsakaninsu da Gobir. Amma yunwa ta tsananta, sai wasu daga cikin mayaƙa suka shiga karɓar abincin mutane da ƙarfi. Hujjarsu ba mai wuyar ganewa ba ce: manufa mai tsarki ce, jama'a na cikin larura, in rundunar ta mutu da yunwa komai ya rushe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai ɓoye wannan ba a cikin Infaƙul Maisuri. Ya nuna cewa zaluncin wasu daga cikin jama'a ne ya sa mutanen Zamfara suka juya baya. Ga shi dai an taka haddi domin neman sakamako, sakamakon kuma ya kuɓuce. Abin lura a nan shi ne gaskiyar marubucin, wanda ya rubuta laifin ɓangarensa da alƙalaminsa.

Ma'auni Na Biyu: Haddi

Wasu masana suka ce akwai ayyukan da suke wajibi da waɗanda suke haram ko mene ne zai biyo baya. Jagoran wannan ra'ayi a Turai shi ne Imanuwel Kant na Jamus, wanda ya rayu daga 1724 zuwa 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. A littafinsa na 1785 ya kafa ƙa'idoji biyu da suka shahara. Ta ɗaya, kada mutum ya aikata abu sai in zai yarda ƙa'idar aikin ta zama doka a kan kowa. Mai tauye mudu ba zai so duk 'yan kasuwar hatsi su riƙa tauyewa ba, domin shi ma mai saye ne gobe. Ta biyu, kada a mayar da ɗan Adam kayan aiki kawai, domin yana da mutuncin da ba a sa masa farashi. Garkuwa da mutane ita ce ƙarshen saɓa wa wannan ƙa'ida, tun da an mayar da ɗan Adam haja ana ciniki a kansa kamar akuya.

Sai dai Kant ya ƙeƙashe har ya wuce wuri. A wata maƙala ta 1797 ya ce ko mai kisa ne ya zo ƙofa yana tambayar inda abokin mutum ya ɓuya, bai halatta a yi masa ƙarya ba. Mutumin ƙauyukan Tsafe, wanda aka taɓa ɗora wa bindiga ana tambayarsa gidan maƙwabcinsa, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane kuskuren. Gazali a cikin Ihya'u Ulumid Din ya tattauna wannan mas'ala kusan shekara 700 kafin Kant, ya ce in gaskiya za ta kai ga zubar da jinin wanda ya ɓuya daga azzalumi, to ɓoyewa wajibi ce, ko da da ƙarya ne. Malamai suka ƙara da cewa in mutum zai iya kaucewa da zance mai harshen damo, ya fi.

Fifikon fiƙihu a nan shi ne haddodinsa hawa-hawa ne. Larura tana halatta cin mushe. Tilasci yana sa a yi wa mutum uzuri ko da kalmar kafirci ya furta, matuƙar zuciyarsa na natse da imani, kamar yadda ya faru ga Sayyidina Ammar ɗan Yasir (R.A.). Amma malamai sun haɗu a kan cewa tilasci ba ya halatta kashe wani, domin ran wanda aka tilasta bai fi na wanda za a kashe daraja ba. Wannan ya isa ya raba mas'aloli biyu da ake cakuɗawa. Magidancin da ya biya fansa bai kashe kowa ba, rai ya ceto. Malaman Malikiyya ma sun wajabta fansar kamamme, suka ɗora nauyin a kan baitulmali da farko, sannan dukiyar Musulmi, sannan dukiyar shi kansa. Zunubin kuɗin yana kan mai karɓa. Tunanin yadda za a toshe wannan kasuwa baki ɗaya nauyi ne na hukuma da al'umma, ba a ɗora shi a kan uba ɗaya a daren da aka tafi da ɗansa. Amma mai kai rahoton gidajen mutane domin a ba shi kaso, ko domin ya tsira da kansa alhali ya san jini zai zuba, ya shiga wani babi daban.

Haka nan ramuwar gayya a kan ƙabila. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai, kuma ƙisasi hakki ne da alƙali ke tabbatarwa a kan wanda ya yi kisan, bayan shaida. Mai son ya raba wannan ƙasa gida biyu sai ya fara duba tarihinta. Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ya kafa Gusau, sarautar garin kuma sunanta Sarkin Katsina. Sarautar Bunguɗu Sarkin Fulani. Ta Tsafe kuma tana ɗauke da sunan 'Yandoto, tsohon garin malamai. Auratayya ta cuɗa waɗannan gidaje tun kaka da kakanni.

Shi ma haddi yana da ƙofar da ake zagaya shi, ita ce hila. Attajiri ya kyautar wa matarsa dukiya ana saura kwana kaɗan shekara ta cika, bayan ta wuce ya karɓe, ya ce zakka ba ta hau kansa ba. Wani ya shirya auren kisan wuta, da waliyyi da shaidu da sadaki, komai a zahiri ya cika. An kiyaye harafin doka, an yanka ruhinta. Wannan shi ke nuna cewa ma'aunai biyun farko, duk da ingancinsu, suna hannun wani ne, kuma hannun yana iya karkata.

Ma'auni Na Uku: Halin Mai Aikin

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san mudu biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, amma an bubbuga gindin ɗaya ya shige ciki. Awo ba ya inganta sai mudun ya inganta. Wannan ne ya sa wasu masana suka mayar da tambayar daga kan aiki zuwa kan mai aikin: wane irin mutum ya kamata a zama? Arisɗo na Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya ce kowace kyakkyawar ɗabi'a tsakiya ce tsakanin munana biyu, kuma da maimaitawa ake samun ta. Jarunta tana tsakanin ragwanta da ganganci, kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Ibnu Miskawaihi, wanda ya rasu a 421 Hijira, ya shigo da wannan ilimi cikin Larabci a littafinsa Tahzibul Akhlaƙ, Gazali kuma ya tace shi ya ɗora shi a kan Alƙur'ani da Sunna. A wurinsa hali wata siffa ce da ta zauna daram a cikin rai, har ayyuka suke fitowa daga gare ta cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba. Saboda haka wanda ya yi kyauta sau ɗaya yana cije haƙora bai zama karimi ba tukuna. Iyayen ɗabi'u a wurinsa huɗu ne: hikima, jarunta, kamewa da adalci. Abin mamaki, masanan Turai sun yi sakaci da wannan fanni na tsawon lokaci, sai daga 1958 wasunsu suka fara kiran a koma masa.

Bahaushe ma a nan ya fi ba da ƙarfi. In zai yabi mutum cewa yake yi mutumin kirki ne. Wani Bature masanin Hausa, Kirk-Greene, ya wallafa nazari a 1974 inda ya tattaro siffofi goma da Hausawa ke nufi da wannan kalma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Amma Bahaushen nan kuma shi ne ya ce hali zanen dutse. A nan Sufaye suka saɓa masa. Gazali ya kafa hujja da cewa in da hali ba ya sauyawa da wa'azi da horo duk sun zama aikin banza, kuma in ana iya horar da doki mai tutsu ya yi laushi, ɗan Adam ya fi cancanta. Zanen dutse ne ga wanda aka bari shi kaɗai. Ruwan da ke ɗiga kullum kuwa yana cin dutse.

Akwai kuma inda Sufaye suka wuce Arisɗo nesa. Shi ya yabi mutumin da ya san girman kansa yake kuma neman girmamawar da ta dace da shi. Su kuwa sun gano cewa kyakkyawar ɗabi'a da kanta tana iya zama abincin son rai: mai kyauta ya so a ce karimi ne, mai haƙuri ya so a ga haƙurinsa, mai zuhudu ya yi alfahari da tsummansa. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a 243 Hijira, ya cika littafinsa ar-Ri'aya da bin diddigin riya da jiji-da-kai, har laƙabinsa ya samo asali daga yawan yi wa kansa hisabi. Wannan ne matsayin niyya, wadda Imamul Buhari ya buɗe littafinsa da hadisinta. Sai dai a kiyaye: niyya tana mayar da halal ibada, tana ninka ladan ɗa'a, mugunyarta kuma tana ɓata aiki nagari, amma ba ta mayar da haram halal. Wanda ya gina masallaci da kuɗin fansa bai tsarkake kuɗin ba.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo (Allah Ya ƙara masa yarda) ya ga wannan ciwo da idonsa. Wajen shekarar 1807, ana tsakiyar yaƙi da Gobir, ya lura cewa zukatan mutane da yawa sun karkata ga mulki da dukiya da dawaki, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya koma. Manufar jihadin ba ta sauya ba, hukunce-hukuncen ma suna nan a rubuce. Abin da ya tsorata shi shi ne sauyawar masu riƙe da su.

Tarbiyyar ɗariƙa a wannan gurbi take aiki. Ba ta zo da sabon haddi ba, ya shahara daga Shehu Ahmadu Tijjani (R.A.), wanda ya rasu a Fas a 1815, cewa ya umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin Shari'a, su riƙi wanda ya dace su bar wanda ya saɓa. Aikinta shi ne gyaran mudun. Shehu Ibrahim Inyass (R.A.), wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1975, ya jera matakan addini uku, kowanne da masauki uku: Musulunci da tuba da istiƙama da taƙawa, Imani da gaskiya da ikhlasi da natsuwa, Ihsani da muraƙaba da mushahada da ma'arifa. Mai lura zai ga tuba aka sa a farko, kuma malamai sun sharɗanta wa tuba mayar da hakkin mutane. Muridin da ke da gonar marayu a hannunsa, ko bashin da yake iya biya ya ƙi, bai gama da masaukin farko ba, ko da carbinsa ya siɗe don yawan ja. Daga cikin sharuɗɗan ɗariƙa kuma akwai biyayya ga iyaye, da nisantar yanke hulɗa da 'yan'uwa Musulmi, da rashin amince wa makarun Allah, wato kada bawa ya taɓa ɗauka cewa ya riga ya tsira.

Saura mas'alar mai shagon ƙauye, wadda ita ce mafi wuya. Ma'aunin sakamako yana jan ta gefe biyu, domin sayarwa tana ƙarfafa azzalumai, ƙin sayarwa kuma yana iya jawo wa gari wuta. Ma'aunin haddi yana cewa taimakon azzalumi haram ne, tilasci na gaskiya kuma uzuri ne gwargwadonsa, ba a wuce shi. Mufti zai tambaye shi: barazanar tabbatacciya ce ko zato? Akwai hanyar sanar da hukuma ko barin garin? Abinci ne kawai, ko har da fetur da labarin mutane? Daga nan sai tambaya ɗaya ta rage wadda mufti ba ya iya amsa masa, domin amsarta tana cikin ƙirjinsa: mutanen daji sukan saya da tsada fiye da mutanen gari, to ranar da aka ce hanya ta buɗe, tilasci ya kau, zai ji sauƙi ne a ransa ko zai ji ya yi asarar ciniki?

Allah Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.